Jagora ga ɗalibi: yadda ake haɗa ƙwayoyin nano na oksid a gane aikin giɓin kiristal a maganaɗisunsu

Wanda ya taɓa ciro maganaɗisu daga lasifikar tsohuwar rediyo ya ja shi cikin busasshen yashi a bakin kogin Isa ya san baƙin garin da ke manne masa kamar gemu. Ma'adinan baƙin ƙarfe ne, kuma magnetit, wato Fe3O4, shi ne mafi ƙarfin kamu a cikinsu. Wannan jagora na ɗaliban fizik da kimiyyar sinadarai ne na nan Yamai waɗanda ke son haɗa irin wannan gari da hannunsu, a ƙwayoyi ƴan nanomita goma (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), su ga yadda naƙasar cikin kiristal, wato inda jerin atom ya ɓaci, ke sauya masa ƙarfi, sannan su san yadda za su tunkari tambaya mafi wuya, wato ko naƙasa kaɗai na iya sanya maganaɗisu a oksid (haɗin wani sinadari da oksijin) da asalinsa ba shi da shi. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu tun daga farko shi ne, ba a danganta maganaɗisu ga naƙasar kiristal sai an auna baƙin ƙarfen da ya kutso cikin samfurin an tabbatar bai isa ya haifar da abin da aka gani ba. A garin da jar ƙasa ke shiga ko'ina, wannan sharaɗi ya fi nauyi.

Abin da ya kamata a riƙe kafin a taɓa kwalba

A ɗauki kowane ayon na baƙin ƙarfe, wato atom mai caji, tamkar ƙaramar kibiyar maganaɗisu mai nuna wani gefe. A cikin magnetit, atom-atom na oksijin sun jeru sun bar guraben zama iri biyu, ƙanana masu maƙwabta huɗu da manya masu maƙwabta shida, kuma kibau na ƙananan guraben suna fuskantar kishiyar na manyan. Louis Néel na Faransa ne ya fayyace wannan tsari a 1948, ya kuma samu kyautar Nobel a 1970. A kowace Fe3O4 guda, Fe3+ ɗaya na zaune a ƙaramin gurbi, wani Fe3+ a babba, su biyun su kashe juna, sai Fe2+ ya rage shi kaɗai da awo 4 na magneton ɗin Bohr, ma'aunin ƙarfin kibiyar atom. Daga nan ake samun emu 92 (emu ma'aunin ƙarfin maganaɗisun samfur ne) a kowane giram idan dutsen babba ne kuma filin maganaɗisu ya ƙosar da shi.

Idan ƙwaya ta ƙanƙance, abu biyu kan faru. Na farko, ƙasa da nanomita 20 ko kusa da haka, zafin ɗaki kawai ya isa ya riƙa juya kibiyar ƙwayar gaba ɗaya, saboda haka garin yana amsa kiran maganaɗisu da ƙarfi amma da zarar an janye sai ya saki, ba ya riƙe komai. Néel ya yi lissafin wannan a 1949. Na biyu, fata kan cinye jiki. A ƙwaya mai faɗin nanomita 10, ɓawon waje mai kaurin nanomita 1 ya kai kusan kashi 49 cikin 100 na dukan girmanta, kuma atom ɗin da ke bakin iyaka ya rasa wasu maƙwabtansa, kibiyarsa ta karkace. Michael Coey ya nuna wannan karkata a ƙwayoyin maghemit, wani oksid na baƙin ƙarfe ɗan'uwan magnetit, a 1971. Shi ya sa kada ɗalibi ya karaya idan ya samu emu 60 zuwa 70 maimakon 92, domin haka ƙananan ƙwayoyi suka saba bayarwa.

Naƙasa kuwa iri-iri ce. Akwai giɓi, inda atom ya kamata ya zauna amma babu shi. Akwai baƙon atom da ya shiga gurbin wani. Akwai wanda ya maƙale a tsakanin layuka. Akwai kuma iyaka a cikin ƙwaya guda inda jerin ya goce da rabin taki, kibau na ɓangarorin biyu su juya wa juna baya.

Mataki na farko: tsabtace wuri da kayan aiki

Mutane kan tsallake wannan mataki, alhali a kansa sakamakon ya rataya. A gwada wannan tukuna: a watan hunturu a shimfiɗa farar takarda kusa da taga a bar ta kwana biyu, a tattara ƙurar da ta sauka, a naɗe maganaɗisun neyodimiyom cikin leda a wuce da shi a kanta, sannan a duba ledar da gilashin ƙara girma. Ƴan baƙaƙen ɗigon da za a gani su ne abokan gabar wannan aiki. Don haka a rufe tagogi, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye tsintsiya domin tana tayar da ƙura, kuma kowane kofin gilashi a jiƙa shi cikin asid kloridirik mai sauƙi ya kwana, a ɗauraye da tataccen ruwa, a kife shi cikin rufaffen mazubi. Ruwan famfo ba ya shiga wannan aiki ko a ɗauraya ta ƙarshe, saboda tsatsar bututu.

Cokalin awo, matsefata da almakashi na ƙarfe duk a kawar da su, a nemi na roba ko na gilashi. Idan za a niƙa gari, a yi a turmin dutsen agat. Mafi muhimmanci, kayan da suka taɓa magnetit kada su sake taɓa farin oksid har abada. A yi musu alama da jan fenti a ware musu akwati dabam. Safar hannu, tabarau na kariya da takunkumi wajibi ne, kuma amoniya ba a buɗe ta sai inda iska ke fita.

Mataki na biyu: haɗa magnetit

Hanyar da René Massart ya bayyana a 1981 ita ce mafi sauƙi, kuma ba ta bukatar na'ura mai tsada. A tafasa tataccen ruwa mililita 200 na minti goma don a kori iskar oksijin da ta narke a ciki, a rufe shi ya huce. A auna giram 5.41 na FeCl3·6H2O da giram 1.99 na FeCl2·4H2O, wanda ya ba da Fe3+ biyu ga kowane Fe2+ ɗaya. Idan ba a samu na biyun ba, giram 2.78 na FeSO4·7H2O na maye gurbinsa. A duba launin gishirin Fe2+ kafin a auna: ya zama kore-kore mai haske, domin idan ya koma ruwan ƙasa to ya riga ya sha iska, kuma a zafin Yamai kwalbar da ba a toshe da kyau ba ba ta daɗewa.

A narkar da su biyun a ruwan, a ɗumama zuwa digiri 70 ko 80 ana juyawa da ƙarfi. Sai a zuba amoniya mai kashi 25 cikin 100, mililita 20, a zubi ɗaya cikin sauri. Lissafi na neman kusan mililita 6 ne kawai, amma rarar ce ke ɗaga pH zuwa 10 ko 11 nan take, kuma saurin zubin ne ke sa ƙwayoyi su tsiro lokaci guda su tashi kusan girma ɗaya. Ruwan da yake ruwan lemo zai rikiɗe baƙi ƙirin cikin ƙiftawar ido. Idan ya fito ruwan ƙasa ko jaja-jaja, Fe2+ ya lalace, gara a zubar a sake. A ci gaba da juyawa minti talatin. Wanda ke tsoron ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ya tanadi sandar gilashi a kusa ya ci gaba da hannu.

Bayan nan a aza kofin a kan maganaɗisu. Cikin minti ɗaya ko biyu baƙin zai taru a gindi, ruwan sama ya washe, a tsiyaye shi maganaɗisun na riƙe da garin. A wanke da dafaffen tataccen ruwa sau huɗu ko biyar har takardar pH ta nuna kusan 7, a ƙarasa da alkol, a busar a ƙasa da digiri 50 cikin rufaffen mazubi mai shanye laima. Kada a shanya a rana. Iyakar abin da za a samu giram 2.3 ne.

Mataki na uku: sanya giɓi da gangan

A nan ne darasin yake. A raba garin kashi uku daidai. Kashi na farko a toshe shi cikin ƙaramar kwalba, a cika ta har wuya don iska ta yi kaɗan. Na biyu a baza shi cikin kaskon tangaran a gasa a iska, digiri 200 zuwa 250, awa uku. Na uku a gasa shi a digiri 700, awa biyu.

Kashi na biyu zai fito ruwan ƙasa mai ja-ja, ya zama maghemit. Abin da ya faru a cikinsa abin a tsaya a duba ne: oksijin na iska ya karɓe elektiron daga kowane Fe2+ ya mayar da shi Fe3+, kuma don cajin kiristal ya daidaita, wasu ayon na ƙarfe sun yi ƙaura zuwa fatar ƙwaya sun bar gurabensu fayau. Ginin oksijin bai rushe ba, sai dai gurbi ɗaya cikin kowane tara na ƙarfe ya zama giɓi, kuma giɓin a manyan guraben yake. Ana iya lissafa sakamakon da alƙalami. Ga kowane oksijin huɗu, akwai Fe3+ ɗaya a ƙaramin gurbi da ɗaya da kashi biyu bisa uku a manya, kowanne da awo 5. A cire na farko daga na biyu a samu 3.33 maimakon 4. Shi ya sa maghemit ke tsayawa wajen emu 75 a giram. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna wa ɗalibi ƙarara cewa gurbin da ba kowa a cikinsa yana da tasirin da ake aunawa ba.

Kashi na uku zai fito ja kamar jar ƙasar hanya, ya zama hematit. Sinadarinsa ɗaya da maghemit, Fe2O3, amma ginin ya sake gaba ɗaya, kibau sun kusa kashe juna duka, abin da ya rage bai kai emu ɗaya a giram ba.

Don kwatanta su ba tare da babbar na'ura ba, a ɗora maganaɗisu a kan toshen soso mai tsayin santimita goma bisa sikelin lantarki mai auna miligiram, a mayar da shi sifili, a gina gadar katako a sama wadda ba ta taɓa sikelin, a ɗora kowace kwalba a wuri guda da nauyin gari iri ɗaya. Garin zai ja maganaɗisun sama, sikelin ya nuna ragi. A fara da kwalba wofi, a maimaita kowane awo sau biyar. Wannan ba ya ba da emu, amma yana jera samfuran uku daidai, kuma tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ba ta ɓuya.

Mataki na huɗu: hasken X

Idan an samu damar na'urar da ke watsa hasken X a kan gari, a nemi tsauni mafi tsayi a zanen da na'urar ta fitar, wajen kusurwar digiri 35.5 idan fitilar hasken ta tagulla ce. Faɗinsa na ba da girman ƙwaya ta lissafin Scherrer na 1918: a ninka 0.9 da 0.154, a raba da faɗin tsaunin a radiyan da kosinus na rabin kusurwar. Faɗin digiri 0.8 na ba da kusan nanomita 10. Magnetit da maghemit suna kama da juna ƙwarai a wannan hoto. Bambancin shi ne tsawon gefen ɗakin kiristal, wato ƙaramin ginin atom da ke maimaituwa, 0.8396 na nanomita ga na farko, kusan 0.835 ga na biyu. Kashin da aka toshe ma yawanci yakan faɗo tsakanin biyun, domin fatarsa ta riga ta sha iska tun wajen wanki.

Mataki na biyar: fararen oksid da tarkon da ke cikinsu

A 2000 Tomasz Dietl da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa ZnO, wato oksid na zinki, da aka sa wa manganis zai iya riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki, duniya ta ruga kan batun. A 2004 ƙungiyar Coey a Dablin ta ba da rahoton maganaɗisu a siraran shimfiɗun HfO2, oksid na hafniyom da babu ko ayon ɗaya mai kibiya a cikinsa, aka zargi giɓi. A 2005 masu bincike na IBM a Amurka suka nuna cewa shimfiɗunsu na HfO2 ba su da komai, sai bayan an kama su da matsefatar ƙarfe alamar ta bayyana. A 2006 Sundaresan da C. N. R. Rao da abokansu a Bangalor ta Indiya suka ba da rahoton ɗan maganaɗisu a ƙwayoyin CeO2, Al2O3, ZnO, In2O3 da SnO2, suka danganta shi ga giɓin oksijin a fatar ƙwaya. Har yau ana muhawara, kuma dukan ɓangarorin suna da hujja.

Tunanin da ke bayan da'awar mai ma'ana ne. Idan oksijin ya fice yakan bar elektiron biyu a gurbinsa; a CeO2 sukan koma kan seriyom su mayar da Ce4+ zuwa Ce3+ mai kibiya. A ZnO lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin elektiron biyun da ke giɓin oksijin kan haɗu su kashe juna, kuma lissafe-lissafe da dama sun fi nuna giɓin zinki a matsayin mai ɗauke da kibiya. Ko an samu kibau ma, sai sun yi kusa da juna har su ji juna kafin su jeru, abin da ya sa ake kallon fatar ƙwaya da iyakokinta inda giɓi ke cunkushewa.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya yi murna. A ce farin gari ya nuna emu 0.001 a giram. A raba da 92, a samu mikrogiram 11 na magnetit a kowane giram, wato kashi 11 cikin miliyan. Idan ƙarfe tsantsa ne daga cokali, mai emu 218, kashi 5 cikin miliyan ya wadatar. A samfurin miligiram 50, wannan rabin mikrogiram ne na magnetit, ƙura ƴar ƙwaya kaɗan. Hasken X ba ya ganin abin da bai kai kusan kashi ɗaya cikin 100 ba, don haka faɗin cewa hoton bai nuna baƙon abu ba bai wanke samfurin ba ko kaɗan.

Tsarin aikin shi ne kamar haka. A haɗa ZnO daga asetat na zinki da soda kostik, a karanta takardar da ke jikin kowace kwalba a rubuta adadin ƙarfen da mai sayarwa ya amince yana ciki. A raba garin: wani a bar shi, wani a gasa a iska, wani a gasa a iskar argon a zafi ɗaya da lokaci ɗaya. Ɗalibi zai ga garin ya yi rawaya yana da zafi ya koma fari da ya huce. Daga kowane kashi, bayan gashi, a ɗebi giram ɗaya a narkar a asid kloridirik mai tsabta a auna ƙarfensa. Tiyosiyanat na potasiyom yana ba da ja idan akwai Fe3+, amma don adadi a yi amfani da fenantirolin a karanta a nanomita 510, tare da kwalbar asid kaɗai don kwatanci. Inda ake da na'urar da ke auna ƙarfe ta shan hasken atom, ita ta fi. Sai a ɗauka cewa dukan ƙarfen da aka samu ƙarfe ne tsantsa, a ninka da 218, a samu iyakar abin da datti zai iya bayarwa. Idan maganaɗisun da aka auna bai zarce wannan iyaka da nisa ba, babu maganar giɓi.

Akwai tarko guda da na ga ya kama masu hankali. Sukan ce maganaɗisun ya ragu bayan gashi a iska, ya dawo bayan gashi inda babu oksijin, saboda haka giɓin oksijin ne. To amma mataki na uku ya riga ya nuna cewa gashi mai zafi sosai a iska na mayar da magnetit hematit marar kamu, kuma gashi a iskar da ke ƙwace oksijin na iya dawo da shi. Dattin ƙarfe na bin sawun giɓin oksijin taki da taki, don haka wannan gwaji shi kaɗai ba ya raba gardama.

Mataki na shida: aika samfur da rubuta sakamako

Sikelin gada ba ya jin fararen oksid. Sai na'urar girgiza samfur ko SQUID, na'urar da ke jin maganaɗisu komai ƙanƙantarsa, kuma sau da yawa sai an aika waje. A zuba gari a kwalaben roba, a naɗe biyu, a aika kowane samfur kashi biyu daga haɗi biyu dabam, a haɗa da kwalba wofi da kuma garin ZnO na kanti mai manyan ƙwayoyi. A roƙi wanda zai auna ya auna mariƙin samfur shi kaɗai, ya turo ɗanyun alƙaluma kafin a cire gangaren da ZnO ke yi na ture maganaɗisu, domin a wajen cire wannan gangare ne ake ƙirƙiro lanƙwasar da babu ita. A nemi awo a zafin ɗaki da kuma awon da ke bin sanyi zuwa ƙasa. Idan aka ga tsalle wajen kelbin 120, wato kusan digiri 153 ƙasa da daskarewar ruwa, wannan sauyin da Verwey ya bayyana a 1939 ne, hatimin magnetit, kuma ya nuna inda alamar ta fito. Rashin ganinsa kuwa bai isa hujja ba, tunda magnetit da ya sha iska yakan rasa shi.

A rahoton, a rubuta nauyin samfur, jimillar emu da na'ura ta gani kafin a raba da giram, adadin ƙarfen da aka auna da hanyar aunawa, irin cokali da turmin da aka yi aiki da su, da watan da aka yi haɗin. A ajiye rabin kowane samfur a toshe, da kwanan wata a jikinsa, domin wanda ya nemi sake aunawa ya samu abin da zai auna.